Sawu Ɗaya a Kwalba Talatin

Ranar Laraba da hantsi, Dzarma maigadi ya tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin sanyi na asibitin dabbobi da ke gefen Kasuwar Shanu. Ɗakin sanyi dai suna ne kawai, ɗan akurki ne mai rufin kwano da firji ɗaya mai aiki da hasken rana. A cikin firjin akwai kwalabe talatin, kowace tsawon ɗan yatsa, cike da jinin shanun wata baiwar Allah mai suna Yakaka.

A shekarar nan duk mai saniyar da ya tsira daga daji ya kore ta ya shigo Maiduguri, aka cunkushe a cikin gari, bayan ramin tsaron da ya kewaye shi. Da cunkoso ya yi yawa sai ciwon huhu ya ɓulla, aka ce kowane garke sai an auna shi. Ranar Talata da safe Dakta Rahmat, likitar dabbobi, ta jefa ƙuri'a a kan shanun Yakaka sittin da huɗu, ta ɗebi jinin talatin ɗin da ƙuri'a ta faɗa wa. Da la'asar aka ji ƙarar fashewa daga wani sashe na gari, kasuwa ta watse, kowa ya yi ta kansa, har da maigadi.

Dakta ta ƙirga kwalabe, ta same su cif, da lambobinsu. Ba a ɗauki ko allura ba. Amma ka san bakin kasuwa, kafin azahar an gama shari'a an yanke hukunci: Suleiman ne, ƙanin marigayi mijin Yakaka, wanda ke kiwon garken. Wa ke da abin tsoro a firjin nan in ba shi ba?

Sai aka aika unguwar Limanti a kira Malam Ba'ana mai bin sawu.

Shekara arba'in Ba'ana ya yi yana bin shanun sata daga Dikwa har bakin tafki. Yanzu daji ya zama na yaran nan masu bindiga, shi kuma ya zama na gindin dogonyaro, yana shan shayi yana faɗa da jikoki. Ya sauko daga keke yana dogara sanda, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi mutum wajen ɗari da suka tattake wurin, ya yi tsaki.

"Kun wanke allo sannan kun ce in zo in karanta," in ji shi. "Sannunku da aiki."

Ya zagaya bayan ɗakin. Ya ga wani wuri da ƙasa ta yi baƙi-baƙi, ƙuda na bi. To, a kasuwar da mahauta ke kai da kawo, jini a ƙasa ba labari ba ne. Ya wuce abinsa, kuma daga baya ya daɗe yana jin haushin kansa a kan wannan wucewar.

Motar da ke kai jini ɗakin awo sai ranar da aka buɗe hanya take fita, ranar kuwa an buɗe. Dakta ta ce tunda kwalabe sun cika, a tafi da su.

*

Bayan kwana tara sakamako ya dawo. Talatin cikin talatin, duka sun nuna ciwo. Kwamitin kasuwa ya zauna ya ce ranar Litinin za a yanka garken gaba ɗaya, kada ya shafa wa na mutane.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yakaka ta yi sallama a ƙofar Ba'ana. Doguwar mace ce a cikin lafaya mai duhu, ta ƙi hawa tabarma, ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi da yarensu.

"Wushe, Malam."

"Wushe, Yakaka. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole. Malam, ka san mijina. Ka san a bakin rijiyarsa suka harbe shi. Shanu ɗari uku muke da su. Ni da Suleiman muka koro sittin da huɗun nan, kwana shida a ƙafa, da yara biyar. Da nononsu nake ciyar da marayun nan. In an yanka su, sai sansanin 'yan gudun hijira, mu bi layin abinci." Ta ɗago ta dube shi. "Shanuna ba su da ciwo. Wani ne ya yi mana wannan aikin."

"Likita ba za ta sake awo ba?"

"Ta ce kayan awon daga nesa suke zuwa, a ƙirge suke. Kwamiti ba zai yarda a sake ba sai an kawo hujjar cewa an taɓa jinin."

Ba'ana ya ji tausayinta ƙwarai, ya kuma ji kunya, domin mijin nata ya sha ba shi masauki a daji. Ya ce zai duba. Bai yi mata alkawarin komai ba.

Kasuwa kuwa ta riga ta juya baki. Waɗanda jiya suka rantse Suleiman ne, yau su ne ke cewa haba, wane mahaukaci zai fasa ɗaki don ya halaka garken gidansu? Ai maƙiyi ne. Sunaye biyu ke yawo: Alhaji Habib dillali, da Dzarma maigadi.

*

Alhaji Habib na zaune a rumfarsa, ƙafar dama a miƙe an naɗe ta da bandeji. Kowa ya san ya daɗe yana neman shingen da shanun Yakaka ke kwana, don shi ne kusa da rijiyar burtsatse.

"Ina so mana!" in ji shi, tun kafin Ba'ana ya gama tambaya. "Wa zai ƙi shinge mai ruwa? Na faɗa mata a gaban mutane, ban ɓoye ba. Amma ranar Talatar nan, Malam, ka tambayi kowa. Ana jin ƙarar nan na kwasa da gudu da wannan tumbin, na faɗa kwata, idon sawu ya goce. Mahauta uku ne suka ciccibe ni suka saka a keke. Har yau dariya suke mini."

Ba'ana ya dubi ƙafar. Kumburin ba na wasa ba ne. "Kana iya aiken wani."

"Ina iyawa. To in aike shi ya yi me? Ni ban san abin da ake zubawa a kwalba ta nuna ciwo ba. In na sani ka tsine mini."

Dzarma kuwa a bakin ƙofar asibiti ya same shi, yana gyara sabon kwaɗo. Dattijo ne daga kudancin Borno, tsohon soja, idonsa ya yi ja don rashin barci. Ya san abin da ake faɗa a kansa: wai an ba shi wani abu ya kau da kai.

"Na gudu, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ta wajen makarantar 'yata Agnes ƙarar ta fito. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa barin ƙofar nan ba sai ranar."

"Da ka dawo da safe, faɗa mini abin da ka gani. Kada ka tsallake komai, ko da ka ga ba shi da amfani."

"Kwaɗo a ƙasa. Ƙofa a rufe, an tokare ta da dutse daga waje. Firji ma a rufe ruf. Murfinsa ba ya kamawa da kyau, mukan ɗora masa bulo. To an mayar da bulon daidai inda yake."

"An mayar?"

"Daidai inda yake, Baba."

Ba'ana ya tafi yana juya maganar. Ya ga ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya fasa ɗaki ana gudun bom, sannan ya tsaya yana tattalin kada sanyi ya fita ba. Wannan mutumin ba ɓata jinin ya zo yi ba, so yake ya isa lafiya.

*

Ranar Asabar ya je wurin Dakta Rahmat. Yarinya ce a idonsa, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta uku ba, ta tara takardu a gabanta ta zuba musu ido kamar sun yi mata laifi.

"'Yata, ni ban yi boko ba. Faɗa mini, na'urar nan taku me take gani a jini? Ciwon take gani?"

"A'a, Baba. Ba ta ganin ciwon. In ciwo ya shiga jikin saniya, jiki yakan yi faɗa da shi, faɗan ya bar alama a jini. Alamar take gani."

"Ashe 'yar'uwar sana'ata ce. Sawu take bi."

Ta yi murmushi karon farko. "Haka ne. Kuma takan yi kuskure. In ka kawo mata lafiyayyu ɗari, za ta ɗora wa biyu ko uku ciwon da ba su da shi. In ka kawo masu ciwo ɗari, wajen talatin za su wuce ta ba ta gane su ba. Shi ya sa ba ma yanke wa garke hukunci da saniya ɗaya. A cikin talatin, in ɗaya ko biyu suka nuna, mukan ce ƙila kuskurenta ne. Sai sun haura uku muke cewa garken ya kamu."

"To tsaya. Kin ce masu ciwo ma wasu na kuɓuce mata. Garken da ciwo ya cinye ƙurmus, nawa za ta kama a talatin?"

"Ashirin, ashirin da 'yan kai." Ta ajiye biro. "Abin da ya hana ni sukuni ke nan, Baba. Talatin cikin talatin ban taɓa gani ba. Na faɗa wa kwamiti, suka ce in awo ya ce ciwo, to ciwo ne, likita kuma ba ta ƙaryata na'urarta."

"Tana ba da lamba ne, ko i da a'a kawai?"

"Kowace saniya da lambarta. Daga hamsin zuwa sama, ciwo."

"Karanto mini na wani garken da ya kamu."

Ta jawo takarda. "Sha biyu. Sittin da takwas. Arba'in. Tamanin da biyar. Tara. Hamsin da shida."

"Yanzu na Yakaka."

"Saba'in da biyu. Saba'in da ɗaya. Saba'in da biyu. Saba'in da uku. Saba'in da biyu." Muryarta ta fara yin ƙasa. "Saba'in da biyu."

Ba'ana ya buga sandarsa a ƙasa. "Ya isa! Wallahi na san wannan sawun."

Ya gyara zama. "Wata shekara aka sace shanu a wajen Marte. Muka bi su har wani mashigin ruwa, sai ga sawu birjik ya yi gabas. Mutanena suka zabura. Na ce ku tsaya. Garke ba ya tafiya da ƙafa iri ɗaya. Akwai maraƙi, akwai tsohuwa, akwai mai ciki da ke nitsa kofato, akwai mai ɗingishi. Wannan kuwa duk kofato ɗaya ne, da 'yar tsaga a gefen hagu. Saniya ɗaya ɓarayin suka yi ta zagayawa da ita don su ruɗe mu, garken ya yi arewa." Ya nuna takardar da haɓa. "Shanun Yakaka akwai ɗan wata takwas, akwai mai shekara goma sha biyu. Ta yaya jininsu zai yi magana da murya ɗaya? Saniya ɗaya ce a kwalba talatin."

Sai a lokacin ya tuna da ƙudan bayan ɗaki. Nan aka zubar da jinin gaskiya, ya gani da idonsa ya wuce.

"Innalillahi," in ji Dakta. "To saniyar wa?"

"Ita zan nema."

*

Da farko ya ɗauka a garken masu ciwo zai same ta. Amma bulon da aka mayar kan firji ya ƙi barin zuciyarsa, sai ƙafarsa ta kai shi shingen Yakaka. Suleiman ya tafi neman dusa, Yakaka ce kaɗai tana wanke ƙwarya.

Ya shiga cikin shanun yana shafa wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka ɗebi jininsu an shafa musu shuɗin fenti a ƙaho, hudar allurar ma ta ɓace. Can ƙarshen shinge wata jar saniya mai faɗin ƙirji ta tsaya ita kaɗai. Babu fenti a ƙahonta. Da ya matso ta sunkuyar da kai ta yi huci, dole ya ja baya.

"Kada ka matsa, Malam," in ji Yakaka. "Hamra ce. Ba ta yarda da kowa. Marigayi kaɗai take bari ya riƙe ta, sai ƙaninsa. Ni ma sai Suleiman ya tsaya a kanta nake tatsa."

Daga inda yake ya ƙare mata kallo. A kan karan hancinta akwai wani tsohon tabo da ya taso kamar ɗan ƙaho. A wuyanta kuma, daidai kan jijiya, akwai sabon yanka da aka liƙe da kashin shanu, da shatar igiya a ƙasansa.

"Wannan na hancin fa?"

Fuskar Yakaka ta saki. "Rigakafinmu ne na gargajiya. Shekarar da ciwon huhu ya shiga yankinmu, yau shekara tara ke nan, marigayi ya yanko ɗan huhun wadda ta mutu, ya tsaga hancin Hamra ya cusa. Tana maraƙa lokacin. Shanu suka yi ta faɗuwa, ita ko tari ba ta yi ba. Yakan ce duk garken nan babu mai jini irin nata."

Ba'ana ya sake duban yankan da ke wuyan Hamra. Ya zo neman maƙiyi, ga shi sawu ya kawo shi cikin gida. In ya yi shiru, jibi a yanka sittin da huɗu. In ya yi magana, ya tona wa gidan nan asiri a gaban kasuwa, a zamanin da fasa ƙofar hukuma kan iya kai mutum inda ba a saurin dawowa. Ya zauna a bakin kwamin ruwa ya daɗe yana kallon jar saniyar, sannan ya tashi ya tafi wurin shugaban kwamiti.

*

Ranar Lahadi bayan azahar aka taru a bakin shingen: kwamiti, Dakta, Alhaji Habib a kan kujera, Dzarma, Yakaka, da Suleiman a tsaye can gefe, siririn mutum mai takalmin roba. 'Yan kallo kuwa ba a gayyace su ba, ba su kuma taɓa buƙatar gayyata ba.

Dakta ta karanta lambobin da ƙarfi. Ba'ana ya ba da labarin mashigin Marte. Dillalai suka fara gyaɗa kai, don duk wanda ya tashi cikin shanu ya san garke ba ya zama iri ɗaya.

"Saniyar da aka ɗebi jininta ga ta can," in ji Ba'ana. "Ga yanka a wuyanta. Wanda ya yi aikin shi kaɗai ya yi, kasuwa ta watse. Ba na zargin kowa. Ina so kawai in ga wanda zai iya riƙe ta. Alhaji, turo mutanenka."

Majiya ƙarfi biyu suka shiga. Hamra ta watsa ɗaya jikin shinge, ɗayan ya haura ya bar hularsa. Aka fashe da dariya. Dzarma ya ce shi ko da bindiga ba zai shiga ba.

"Suleiman," in ji Ba'ana a hankali. "Ɗana, kama mana ita likita ta duba wuyan."

Dariyar ta ɗauke. Suleiman ya tsaya kamar an dasa shi. Bai ma shiga ba, Hamra ce ta tako da kanta har bakin shinge, ta ɗora masa hanci a kafaɗa.

Sai ya durƙushe.

"Ni ne," in ji shi. "Ni ne, Yaya Yakaka. Kwana biyu kafin awo na ji wata farar saniyarmu tana tari. Ƙuri'a kuma ta faɗa mata. Na ce shi ke nan, saboda ita za a yanka mana duka. Da kowa ya gudu na ce Allah ne ya ba ni dama. Na zubar da nasu, na cika da na Hamra. Na ce ita ce ta yi faɗa da ciwon nan ta kayar da shi, babu na'urar da za ta sami aibu a jininta." Ya ɗago ya dubi Dakta. "Ba ta da ciwo, wallahi ba ta taɓa yi ba!"

"Faɗan da ta yi shi na'urar ta gani," in ji Dakta. "Da ka bar jinin yadda yake, saniya ɗaya mai tari ba ta isa ta sa a yanka garke ba. Hamra kuma ƙuri'a ba ta faɗa mata ba. Da ba wanda zai taɓa auna ta."

Wani daga baya ya ce garin neman ƙiba an samo rama. Ba'ana ya juya ya harare shi har ya sunkuyar da kai.

Wasu suka ce a miƙa shi ga hukuma. Abin mamaki, Dzarma da aka fi ɓata wa suna shi ya fara roƙo. "Ni ma tsoro ne ya sa na bar ƙofata," in ji shi. "Ku bar shi ya gyara abin da ya ɓalle." Alhaji Habib ya ce shi ma ya yafe, amma a rubuta cewa har yanzu yana son shingen. Kwamiti ya ɗage yanka, ya yarda a sake awo, da sharaɗin a haɗa da jar saniyar.

*

Bayan kwana goma sha ɗaya sakamako ya dawo, lambobi a warwatse yadda Allah ya halicci garke. Ɗaya ce kawai cikin talatin ta ɗan haura hamsin, ba ta kai a kama garke ba. Farar mai tari sha huɗu ta samu, hayaƙin bola ne ya dame ta. Garken Yakaka ya kuɓuta.

Hamra ta samu saba'in da biyu.

Ba'ana ya je har ofis. "'Yata, sawun shekara tara ne. Ni ina duban ƙasa in ce miki wannan na jiya ne, wannan na bara."

"Kai kana iyawa, Baba. Na'urata ba ta iyawa. Kuma akwai waɗanda suka warke a ido, ciwon na kwance a huhunsu, su ne ke kashe garke. Ba zan iya rantsuwa Hamra ba ta cikinsu ba. Shanun mutum nawa ke shan ruwa a kwamin nan?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya so ya yi faɗa, bai sami abokin faɗa ba.

Ranar da za a kai ta mayanka, mahauta huɗu suka zo da igiya, ta ƙi kamuwa, suka koma. Yakaka ta fito, ba ta yi wa Suleiman magana ba tun ranar taron. Ta tsaya a gabansa ta miƙa masa igiyar marigayi.

"Kai ta," in ji ta. "Kada ka bari baƙo ya ja ta tana turjewa. Yayanka bai taɓa dukanta ba."

Ba'ana bai bi su ba. Sai da rana ta ɗaga ya fito daga kasuwa ya nufi bakin titi, ido a ƙasa bisa al'ada. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi, ga sawun nan raɗau: kofato mai faɗi da takalmin roba, gefe da gefe, babu alamar ja. Bai so ya karanta ba, amma shekara arba'in ba ta barin mutum. Daga shinge zuwa ƙofar mayanka sau huɗu suka tsaya a hanya, kuma duk tsayawar nan huɗu, ba saniyar ce ta fara tsayawa ba.